'Yar Riƙon Malama

Kwanan baya maƙwabciyata ta shigo mini da hantsi, idanunta sun yi ja, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta zube a kan tabarma. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe 'yarta ce ba ta samu gurbi a kwalejin malamai ba, sunaye sun fito babu nata, kuma an ce mata ina da sanayya da mutanen can. Na dube ta, na sake dubanta, sai dariya ta ƙwace mini, har ta ji haushi ta ce, "Hajiya, abin dariya ne?" Na ce ta yi haƙuri, ba ita nake wa ba, duniya nake wa. Ni da aka ɓoye a cikin rumbu don kada a kai ni makaranta, yau ga uwa tana kuka a tsakar gidana don an ƙi karɓar tata. Bayan ta tafi na kasa komawa kan aikina. Na zauna ina ta juya abin a raina, yaya aka yi muka taso daga can muka iso nan, kuma wa ya fara juya akalar. A ƙasarmu dai na san mutum ɗaya da ke da hannu a ciki, domin ƙawata ce.

Ƙauyenmu yana ƙasar Rogo, ba nisa da Beli, a zamanin da duk wata maganar hukuma daga Karaye take fitowa, domin can hakimi yake. Gari ne na gyaɗa da dawa da rake. Ba agogo muke bi ba, kunne muke bi. Kafin gari ya waye sosai za ka ji taɓarya ta fara amsa wa taɓarya daga gida zuwa gida, har ka iya gane wace ce ta makara. In kaka ta wuce sai kukan injin rake ya shigo, wanda doki ke zagayawa da shi wuni guda, ƙanshin mazarƙwaila ya cika fadama har ƙudan zuma su hana yara sakat. Da hantsi kuma muryoyin 'yan talla su ɗauka, kowace da irin kiranta. Yanzu in na buɗe taga da safe, injin niƙa nake ji da babura, sai 'yan mata cikin farin hijabi sun cika hanya suna sauri kada a rufe musu ƙofa. Ban ce wancan ya fi wannan ba. Mun sha wuya a wancan. Amma wanda bai san talla ba ba zai gane labarin nan ba, don haka bari in faɗa. Matar aure ba ta fita. Duk abin da ta soya ko ta dafa, 'yarta ce za ta ɗauka ta kai, ta dawo mata da ciniki da labarin gari. Yarinyar ita ce ƙafarta, ita ce bakinta, ita ce kunnenta. Kakata takan ce, mace mai 'ya mace kasuwa tana ɗakinta, wadda ba ta da ita kuwa sai ta ci abin da aka ba ta.

A wurin talla muka haɗu da ƙawata. Marainiya ce, wata tsohuwa mai daddawa ke riƙonta. Ƙawancen da ba irin na yanzu ba ne da ake ƙullawa a mota a kwance a tasha. Sai da aka kai goro gidanmu, aka kai gidansu, muka ci tuwo a kwano ɗaya manya suna kallo. Daga ranar, bikinta nawa ne, kukanta nawa ne, kuma abin da ta roƙa a hannuna ba na hana ta. Yarinya ce mai tambayar tsiya. In muka ga an loda gyaɗa a lori sai ta tsaya ta ce, "Wai su wa ke cinye gyaɗar nan duka? Ba sa ƙoshi ne?" In na ce mata mu tafi rana tana yi, sai ta ce ni ba na son sanin komai sai abin da za a saya. Gaskiyarta ce kuwa.

Wata shekara umarni ya zo daga Karaye cewa kowane dagaci ya ba da yarinya a kai makarantar Turawa a birni. Kafin jakadiyar hakimi ta iso, wato matar da ke shiga gidaje da saƙonsa, labari ya riga ta. Masu 'yan uwa a nesa suka tura 'ya'yansu can, mu kuma aka cusa mu a rumbu. Har yau in na ji warin tsohuwar dawa sai in tuna duhun nan da ƙaiƙayi. Ita babu wanda ya ɓoye ta. Tana tsakiyar gari da farantin daddawarta aka nuna ta, domin an san babu uban da zai je ya yi kuka a ƙofar dagaci. Da aka fito da ni da yamma har an wuce da ita.

Da farko takan zo hutu, da takalmi a ƙafarta, yara suna bin ta suna kallo. Da tsohuwar ta rasu sai zuwan ya yanke, sai dai labari daga bakin direbobin gyaɗa. An ce ta gama, an ce tana koyarwa, an ce ta yi aure bai daɗe ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuma na yi aure a garinmu, na haifi mace, daga baya maza suka biyo. Ta farin ana yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, domin 'yar fari ce, kuma ban taɓa faɗinsa ba. Yaran yanzu dariya suke yi wa wannan, ina ganin uwa ta rungume ɗan farinta a gaban surukai tana kiransa da suna. Mu a wurinmu abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ka san yana wurin. In ya faɗi a gabanka wani ne zai ɗaga shi. Mutane suna ɗauka rashin so ne. Ba su san nauyin abin da aka hana shi fita ba.

Da uwar mijina ta rasu sai yarinyar ta dawo hannuna, daidai lokacin da ta isa talla. Ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin ta dawo 'ya'yan maƙwabta nake roƙo, su kai in sun ga dama. Tana karɓar farantin, sai sana'ata ta miƙe. Ba ta da hayaniya, amma ba ta dawowa da saura. Ni kuwa sai na samu dalilin da zan riƙa zama da ita ba wanda zai ce komai, ina ɗaura mata gammo, ina tambayarta gidan wa ta shiga, me aka ce. Da sunan ciniki nake jin muryarta. Ba mu daɗe a haka ba ƙawata ta dawo.

Bayan an gama cirar gyaɗa ne. Ina tsugune gaban kasko na ji sallama, na amsa ban ɗago ba. Sai na ji an ce, "Ƙawa, har yanzu kina ƙona ƙuli?"

Na ɗago. Ta yi jiki, ta sa tabarau, amma bakin nan yana nan. Na ce, "Ke kuma har yanzu kina shiga gidan mutane da tambaya?"

Muka rungume juna, na ɓata mata mayafi da mai. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyyar Inna, uwar mijina, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya. Ba jakadiya a bayanta, ba ɗan doka a ƙofa, ita kaɗai ta tako daga inda lori ya ajiye ta. A nan ta ba ni labari. Baturiyar da ke shugabantar kwalejin da ake horar da malamai mata ta koma ƙasarsu, an ɗora ta a kujerar, a ga ko 'yar ƙasa za ta iya. Ba a taɓa ba wa irinmu ba. Kwalejin tana da ɓangaren ƙananan yara, inda manyan suke koyon koyarwa, kuma daga cikin ƙananan ne ake samun manyan gobe. Ɓangaren ya kusa zama kango, domin yaran da aka kawo da ƙarfi guduwa suke yi, ko a je hutu a ƙi dawo da su.

Muna cikin haka yarinyar ta shigo da faranti wayam, ta durƙusa ta gaishe ta. Ƙawata ta ce, "'Yan mata, daga ina kike fara tallarki?"

Ta ce, "Daga maƙera."

"Me ya sa? Ai sun fi nisa."

"Su suke fara jin yunwa. Tun asuba suke bugu."

Ƙawata ta cire tabarau ta dube ta, sannan ta dube ni. Na san kallon. Shi nake yi in na ga kaya mai kyau a hannun wanda bai san darajarsa ba. Da yarinyar ta fita sai ta kwance bakin mayafinta, ta fito da goro a ganye ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Ƙawa, riƙo na zo nema."

Na ce, "Makaranta dai."

"Riƙo na ce. Ni zan riƙe ta da hannuna. Cinta da suturarta da ciwonta a kaina. In ta yi rashin kunya ni za a zaga. Ranar aurenta kwanona yana cikin kayan ɗakinta. Karatu kuwa shi ne sana'ar gidana, kamar yadda ƙuli yake sana'ar naki."

Ta ɗaure ni ta ko'ina. Ƙawa ba a hana ta. Wadda ba ta haihu ba in ta nemi riƙo, hana ta zalunci ne a idon kowa. 'Yar fari kuma uwa ba ta da bakin cewa tana so a bar mata ita. Abin da ya rage mini ƙofa ɗaya ce, na bi ta. Na ce, "To wa zai kai mini talla? Kin ga kaskon nan, kin ga tulun man can. In ta tafi, in sha man ne ko in yi wanka da shi?" Na yi ta zuba, na kawo tsadar gyaɗa, na kawo lalacin 'ya'yan maƙwabta. Ta bar ni har na gaji.

Ta ce, "Na ji maganar talla. Wadda ba ki faɗa ba ma na ji ta."

Na juya ina gyara wuta.

Ta ce, "Da na so da ban shigo nan ba. Baffanta yana nan, hakimi yana nan. Abin da Turawan ma suka ce in yi ke nan, a aika Karaye a tattaro mini. Na ce su bar ni in gwada tawa hanyar."

"Me ya hana ki bin tasu? Ta fi sauƙi."

"Ni aka ɗauka haka, Ƙawa. Na san daɗinta."

Na ce mata ni ba na cinikin biri a sama. Sai na je na ga inda za a kai ta. Ta yi dariya ta ce abin da take so ke nan, ta bar goron a inda yake.

Da maigida ya dawo daga fadama na ce, "Malam, ka ji abin da ya kawo baƙuwa?" Ya ce ya ji ana faɗa a masallaci. Na ce, "To?" Ya ce, "Ni ina da 'ya ne? 'Yar Inna ce, Inna kuwa ta tafi. Ku da kuka ci tuwo a kwano ɗaya ku kuka sani." Shi ma kunyar ce ta ɗaure shi. Amma yana fita ya waiwayo ya ce matan gari duk sun zuba ido, sun ce in ƙawarta ta hana ta, su wa ne su da za su ba ta. Ya kuma yarda in je, in Gwaggona za ta raka ni.

A kan buhunan gyaɗa muka yi tafiyar, ni da Gwaggo, tana salati duk inda lori ya faɗa rami. Kwalejin tana bayan ganuwa, dogayen ɗakuna masu rufin kwano, da ƙararrawa da ke kaɗawa ba dalilin da na gane. Ban tsaya kallon allo da kujeru ba, ban san kansu ba. Abin da na sani na duba. Na buɗe tukunya na ɗanɗana miya. Na leƙa rijiya, na shiga makewayi. Na riƙa jawo yara da wasa ina duba ƙeyarsu da diddigensu, domin in kana son sanin yadda ake riƙon yarinya kada ka dubi fuskarta, fuska kowa yana wanke ta in baƙo zai zo. Kitso sabo ne, ba ƙwarƙwata, ba faso. Gwaggo ta ce in daina, sai ka ce akuya na zo saya. Na ce akuya ma ai ana duba haƙorinta.

Ƙawata kuma na zuba mata ido, domin ina son in gane yadda 'yar tallan daddawa take juya wannan wuri, har da Turawa mata a ƙarƙashinta. A can ba Ƙawa ba ce, Malama ce, kowa haka yake kiranta. Ba ta ɗaga murya. In ta shigo wuri sai surutu ya mutu da kansa. Daga tukunyar yara ake zuba mata, kuma ba ta faɗin ranar da za ta ci a wane kwano, don haka masu girki ba su da ranar hutawa. Kowace yarinya ta san garinsu da sunan uwarta da sana'ar gidansu. Kowace babba ta ba ta ƙanwar rana a cikin ƙananan, ta yi mata kitso, ta duba wankinta, in ƙaramar ta yi kuka babbar za a tambaya. Ta kawo wani dattijon malami yana biya musu allo kafin a kaɗa ƙararrawa, don kada a ce an raba su da addini. Ta ware ɗaki guda na iyaye mata, duk wadda ta zo ta kwana, ba a tambayarta yaushe za ta tafi. A nan muka sauka. Ba waliyyiya ba ce. Tana da baƙar magana, ba ta da haƙuri da mai nawa, na ga ta sa wata babbar ɗaliba hawaye da kalma biyu a kan ta zo aji ba shiri. Amma na lura da yamma ta aika an kira ta, sun daɗe a ofis, ta fito tana murmushi.

Duk wannan ya burge ni, amma bai sa na saki ba. Mai kaya yakan gyara rumfa in ya san mai saye zai zo. Abin da ya yanke mini shawara wani abu ne da ba ta shirya shi ba.

Ana gobe za mu koma, bayan azahar, wani mutum ya iso daga Jajaye, ƙafarsa fururu, da gora a hannunsa. Da ganinsa ka san ya kwana yana shirya faɗa. Ya tsaya a ƙofa yana cewa a fito masa da 'yarsa. Malama ta fito da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Ina gefe ina kallo. Sai da ya sha ta ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Ina lafiya? Uwarta tana kwance tun da ta haihu. Ba mai daka, ba mai ɗebo ruwa. Yara suna kwana da gasasshen rogo."

Ta yi masa jaje, ta tambayi irin ciwon. Ta ce, "In na samo wata dattijuwa ta je ta zauna da ita har ta tashi, ɗawainiyarta a kaina, za a bar mini yarinyar?"

Ya ce, "Baƙuwa a ɗakin mai jego? 'Yarta take so."

"Ita ta faɗa, ko kai ka gani?"

"Ita ta faɗa. Ta ce ke kika ce duk ranar da ta nema za ki ba ta."

Malama ta ce, "Na faɗa. Amana ce, mai ita ya zo." Mutumin ya rasa inda zai sa gorarsa. Ta sa aka kira yarinyar, wata doguwa mai manyan idanu, aka zaunar da ita aka sake mata kitso, domin ba a mayar da 'yar riƙo da tsohon kai. Ta ba ta sabon zane da sabulu, ta ƙulla sukari da ganyen shayi ta ce a kai wa mai jego. Yarinyar tana kuka tana riƙe mata mayafi. Ana cikin haka wata Baturiya daga cikin malaman ta iso, fuskarta ta yi ja kamar gauta, tana magana da sauri cikin harshensu tana nuna hanyar gari. Malama ta saurare ta har ta kai aya, ta ba ta amsa gajeriya, ta juya ta raka uban da 'yarsa har bakin titi.

Da la'asar na same ta zaune a bayan ofis, ta cire tabarau, ba ta yin komai. Na zauna kusa da ita na ce, "Me jar nan take cewa?"

"Cewa take doka ta ba ni iko in kira 'yan doka su kore shi. Kuma za a rubuta cewa na kasa riƙe ɗalibai."

"Ke me kika ce?"

"Na ce mata ƙofar da ba a fita ta cikinta, ba mai shigowa ta cikinta da ƙafarsa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Duk ajin ba kamarta, Ƙawa. Ita nake wa kallon wadda za ta zauna a kujerar nan bayana."

"Za ta dawo?"

"Ina na sani?"

Ba ta dawo ba kuwa, na bincika daga baya. Amma ni a ranar na gama cinikina. Na san masu daɗin baki, na san masu rantsuwa da abin da ba a tambaye su ba. Wanda nake saye a hannunsa ido rufe shi ne wanda na ga an dawo masa da ciniki ya karɓa, yana asara, bai ɓata rai ba. Ga ta ta saki wadda ta fi so, a gaban waɗanda ke jiran ta gaza, don kawai ta yi wa wata mata alkawari a wani ɗaki a Jajaye inda ba shaida. Na ce mata, "In kin zo ɗaukar 'yar riƙonki ki taho da naki gammon, nawa ina so." Ta dube ni, ta gane, ba ta yi godiya ba, domin ba a yi wa ƙawa godiya.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Da aka ji na bayar, wasu gidaje suka bayar, a garinmu da Ruwan Bago da cikin Karaye. Ba duka suka zauna ba. Kujerar dai ba a karɓe ta ba, ta daɗe a kanta har bayan Turawa sun tafi, kuma ban san bikin 'yar riƙonta da aka yi ba ta zo da kwanonta ba, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Yarinyar nan da na bayar ta zama malama, ta koyar har ta yi furfura. Ƙawata take kira Mama, ni kuwa Yaya. Ni kuma da farantin ya rasa mai ɗauka, na zauna da maigida muka yi magana ta gaskiya, ya bar ni in riƙa shiga gidaje da kaina. Mata suka fara ba ni kayansu in sayar musu, daga kwano zuwa zane, daga zane zuwa hatsi, har na kai inda na kai. Har Allah ya karɓi ran ƙawata muna musu da ita, tana cewa ita ta mai da ni dillaliya, ina cewa ni na cika mata makaranta. Wani lokaci nakan tambayi kaina, da ni aka samu a tsakiyar gari ita aka ɓoye, da ta iya kasuwa, da na iya kujera? Ban samu amsa ba. Ina jin da ta karya jari da tambaya.

Ranar tafiyar kuwa da sassafe ƙawata ta zo. Uwa ba ta rakiyar 'yar fari, ba ta yi mata nasiha a gaban mutane, don haka ina bakin turmi ina daka abin da bai buƙaci daka ba. Gwaggo ce ta ɗaure mata kaya. Da suka zo wucewa na tsayar da taɓarya na ce wa ƙawata, ban dubi yarinyar ba, "Ki san abin da kika ɗauka, kada ki ce na rufe ki. Ba ta cin kuɓewa. Tana tsoron tsawa, ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga ta matso. In ta yi shiru da yawa ba ladabi ba ne, zazzaɓi ne."

Ta ce, "Na ji. Akwai saura?"

Na ce, "Shi ke nan aibinta."

Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Yaya, na tafi." Na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da daka.

Da na daina jin takunsu na ajiye taɓarya, na ɗauki mayafi, na ce wa maigida rake nake sha'awa. Shi da ke da fadamar rake guda, sai ya matsa ya ba ni hanya. A bakin hanya, nesa kaɗan da inda lori ke tsayawa, akwai wani tsoho da ke kasa rake a gindin tsamiya. Na tsaya a gabansa na ba lorin gefe, ina ɗaga wannan ina ajiye wancan, ina ƙwanƙwasa su kamar mai neman aibi. Ta wutsiyar ido na ga an ɗaga ta an zaunar a kan buhu, na ga ƙawata ta yafa mata gefen mayafinta. Direba ya daɗe yana fama da injin, ni ma na daɗe ina zaɓe. Da lorin ya tashi, ya sha kwana, ƙararsa ta ɓace, sai na ga ashe akwai sanda ɗaya a hannuna. Tsohon ya faɗi kuɗinta, ya gyara zama yana jiran a fara ja-in-ja, domin ya san 'yar gidan wa ce ni. Na kwance bakin zane na ba shi yadda ya faɗa. Ya bi ni da kallo ya ce, "'Yar nan, lafiya kuwa?"

A duk rayuwata ta kasuwa, shi ne abu ɗaya da na saya ban taya ba.